Keken da na wanke da sabulu, da waɗanda suka biyo bayansa

Keken ɗinkin da ya fara shigowa hannuna ba sayensa na yi ba, na mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙanta, kuma ni na ɓata shi da hannuna. Bayan rasuwarta ya daɗe a lungu ƙura na hawansa, ba wanda ya neme shi saboda nauyi. Wata Asabar na ce bari in yi abin kirki, in fito da shi in wanke. Na haɗa ruwan zafi da sabulu, na ɗauko soson ƙarfe na shiga dirza. Da na ga wani maiƙo ya ƙi fita sai na ƙara da sifirit. Ina cikin aikin na lura furannin nan masu ruwan zinare da ke jikinsa sun fara komawa fari-fari kamar azurfa. A zatona datti ne ke fita, sai na ƙara ƙarfi. Kafin la'asar rabin zanen ya tafi, baƙin fentin ya dushe, keken ya koma kamar wanda ya kwana cikin toka.

Washegari na kai shi wurin wani tsoho mai gyaran kekuna, wai ya sa mini shi ya tashi. Ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba, sannan ya ɗago kai.

"Yaro, wa ya yi wa keken nan wannan ɗanyen aiki?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Wanke shi na yi."

Ya ce, "Shekara da shekaru yana hannun mutane ba wanda ya cuce shi, kai ka gama da shi a wuni ɗaya. Zauna."

Na zauna, kuma a gaskiya ban tashi daga gaban tsohon nan ba sai bayan shekaru. A ranar ya nuna mini cewa baƙin da ke jikin irin waɗannan kekuna ba fentin da muka sani ba ne, shafa shi ake yi a gasa a wuta har ya kama ƙarfen. Zanen zinaren kuwa manna shi ake yi a kai, siriri ne ƙwarai, sannan a rufe shi da wani irin vanish wanda sifirit ke narkarwa nan take. Idan rufin ya tafi, ruwa kaɗai ya isa ya mayar da zinaren azurfa. Abin da ake goge tsohon keke da shi man keke ne da tsumma mai laushi, a hankali, kamar ana shafa wa jariri. Abin da ya goge kuma ya goge har abada.

Sai ya juyo da keken ya nuna mini wata lamba da aka buga a gindinsa ta hannun dama, harafin Y a gaba da jerin alƙaluma. Ban taɓa ganinta ba, alhali a gaban keken nan na girma. Ya ce kowane keken kamfanin Singer da lambarsa, kuma wannan samfurin 15K ne. Daga baya na bi jadawalin lambobin na gane cewa masu Y daga masana'antar Clydebank ta ƙasar Sukotland suka fito, tsakanin 1923 da 1935, harafin K ɗin kuma na Kilbowie ne, sunan wurin da masana'antar take. Wato keken ya girmi mahaifiyata kanta. Wasu hannuwan sun riƙe shi kafin nata, ban san su ba, ba kuma zan taɓa sanin su ba. Tun daga wannan rana duk inda na ga baƙin keke sai na leƙa gindinsa.

Shekarun farko na tafka wauta iri-iri. Duk baƙin keke mai zane da na gani wurin masu kayan gwanjo ko 'yan gwangwan sai na saya, a tunanina tsufa shi ne tsada. Sai da ɗaki ya cika na fahimci cewa Singer miliyoyi suka ƙera, kuma ƙarfen zubi ba ya mutuwa da sauƙi, don haka da yawansu suna nan da ransu a gidajen mutane a duk duniya. Keke ya kai shekara ɗari ba ya nufin yana da wuyar samu. Na tara samfurin 15 har guda bakwai, kowanne na saye shi da murnar na yi tsintuwa, da na tashi sayarwa da ƙyar na mayar da uwar kuɗina. Maiɗakina ta leƙo ɗakin wata rana ta ce, "Malam, shagon ɗinki za a buɗe ne ba a gaya mini ba, ko dai ƙarfe muke kiwo?" Ban sami amsa ba.

Akwai kuma wanda aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Mai shi ya rantse Singer ne na asali, ga tambarin tagulla a jiki, ga suna da manyan haruffa. Na kai wa Baba ina fankama. Ya sa farce ya taɓa tambarin, sai ga shi ya motsa, da gam aka liƙa shi, alhali na asali da 'yan ƙananan ƙusoshi ake kafe shi. Lambar gindin ma ba ta dace da komai a jadawali ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun kwaikwayi samfurin 15 da yawan gaske, daga baya na Sin ma suka bi, har Butterfly ɗin Shanghai da kowa ya sani a kan wannan tsarin yake. Kama da wane ba ta wane. Amma kada in zalunce su: da yawa daga cikin na Japan ɗin nan ɗinkinsu lafiya lau, wasu ma sun fi asalin santsi. Ba keken ne ya yi ƙarya ba, wanda ya liƙa tambarin ne.

Wata yaudarar kuma ba da gangan ake yin ta ba. A murfin da ke rufe wurin kwarkwaro sau da yawa akan ga jerin shekaru an zana, 1880 da wani abu, mai sayarwa ya nuna maka ya ce ga shekarar haihuwarsa nan. Waɗannan shekarun rajistar fasahar ne, ba shekarar ƙira ba, keken na iya fitowa shekara ashirin ko talatin bayan haka. Ga shi murfin zarewa yake yi, ana iya ɗauko na wani keke a sa wa wani. Lambar gindi ita ce shaida. A Singer, idan alƙaluma ne zalla ba harafi, kafin 1900 ne. Daga 1900 aka fara sa harafi a gaba. Ko ita lambar, abin da take gaya maka shi ne lokacin da aka ware wannan rukunin lambobi wa masana'anta, ba ranar da keken ya fito ƙofa ba.

Sannu a hankali ido ya buɗe. Yanzu ko hoto aka turo mini a waya, mai duhu, an ɗauka a karkace, nakan iya faɗin samfuri kafin in ga lamba. Abin da nake fara nema shi ne maɗaurin zare, wanda teloli ke kira tenshan. Idan yana jikin fuskar keken ta hagu yana kallon gefe, to dangin 15 ne. Idan yana gaba yana kallon mai ɗinki, kwarkwaron kuma daga sama ake jefa shi a kwance, to 66 ne, ko ƙaninsa 99 wanda ya fito a 1911, kamarsu ɗaya sai dai shi ƙarami ne. Idan na ga dogayen murafe biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, na san mai ƙoshiya ne, irin 27 da 28 ko 127 da 128, waɗanda ƙoshiyarsu ke da tsini kamar harsashi tana kaiwa da komowa, da dogon kwarkwaro siriri a ciki. Su ma ana rarrabe su: abin naɗe zare a ƙasa yake a 27, a 127 kuwa an ɗaga shi sama kusa da wili. Idan gindin keken ba murabba'i ba ne, yana da lanƙwasa kamar ƙugun goge, sai zuciyata ta ɗan buga, domin wannan alamar tsofaffin ce sosai, irin samfurin 12 da ya fito a 1865. Ba a rana ɗaya na haddace waɗannan ba. Kowanne sai da na yi asara a kansa kafin ya zauna.

Idan na je gaban keke da kaina, ba na barin mai shi ya cika ni da labari. Nakan kama wilin in juyo shi ta wajena, in kalli sandar allura tana hawa da sauka, in kalli haƙoran da ke jan yadi, in saurara. Sannan in kwantar da shi in haska cikinsa da tocila. Abin da mutane ke tsoro, wato keken da ya daskare ba ya juyawa, shi ne ban damu da shi ba. Yawanci tsohon mai ne ya bushe ya zama kamar ƙaro. A ɗiga masa sabon mai a kowace gaɓa, a ajiye shi wuri mai ɗumi, a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan, wani kwana biyu wani mako uku, wata rana sai ka ji ya saki. Har yau ba abin da ke faranta mini rai a wannan sana'a kamar wannan sakin. Wanda nake gudu shi ne tsagewa a jikin ƙarfen, musamman a ƙafafun taka-taka ko a gefen gindi inda aka taɓa yar da shi, domin ƙarfen zubi ba ya karɓar walda yadda ake so. Tsatsar sama ana iya da ita. Wadda ta ci ta yi ramuka a bakin ƙoshiya ko a ƙugiyar da ke kama zare kuwa, zare za ta yi ta yankawa.

Sai ƙidayar abin da ya ɓace. Murfi, gidan kwarkwaro, ƙoshiya, 'yar ƙafar da ke danne yadi, har da notuna. Notunan tsohon Singer yankan haƙoransu nasu ne daban, ba za ka shiga shagon kayan ƙarfe ka samo madadinsu ba. Shi ya sa Baba yake da gwangwanaye cike da notunan matattun kekuna, yana tsaronsu kamar zinare, kuma ni ma yanzu haka nake. Allura ma abin dubawa ce: 15 da 66 da 99 duk suna ɗaukar allurar gida da ake sayarwa ko'ina, amma 12 tasa daban ce, wanda ya saye shi don ɗinki zai sha nema. Idan mai lantarki ne ba na yarda a jona shi sai na duba wayar, domin robar shekara saba'in marmashewa take yi a bar tagulla tsirara. Idan kuma a cikin akwatin katako mai lanƙwasasshen murfi yake, ba na ɗaga shi ta marikin sama, ta ƙasa nake tallafo shi. Na taɓa ganin wani ya ɗaga, makullin ya saki, murfin ya rage a hannunsa, keken ya sauka a kan siminti.

Tsintuwar da na fi tunawa da ita wani ƙaramin baƙin akwati ne da na hango ƙarƙashin tarin tsofaffin rediyoyi. Mai kayan ya ce keken wasan yara ne. Da na buɗe sai ga 221, wanda ake kira Featherweight. An fara nuna shi a baje kolin duniya na Chicago a 1933, jikinsa na alminiyum ne, nauyinsa kusan kilo biyar, mutum ya ɗauke shi da hannu ɗaya. Masu ɗinkin barguna na haɗe-haɗen ƙyalle suna son sa kamar me, shi ya sa yake da kasuwa fiye da yayyensa masu nauyi. Nawa ma yana da tambari mai shuɗin baki, na cikar kamfanin shekara ɗari, 1851 zuwa 1951. Jikina na rawa na biya na fito, ban ko duba ƙasansa ba. Sai a gida na ga babu gidan kwarkwaro. Na 221 kuwa nasa daban ne, na 15 ba ya shiga, na asalin kuma yana da tsada. Wata takwas keken yana zaune yana kallona kafin in samu. Da na samu ma ya ƙi ɗinki, zare na ta tsallakewa, har na fara zargin an sayar mini da jabu. Baba ya karɓa, ya zare allurar ya juya shafaffen gefenta ya kalli hagu, ya zura zare daga dama zuwa hagu, ya miƙo mini. Ni kuwa na saba da 66, wanda nasa akasin haka ne. Ya ce, "Keke bai yi laifi ba, yaro, kai ne ba ka gaishe shi da yarensa ba."

Duk da haka, idan aka ce in zaɓi ɗaya in yi ɗinki da shi har ƙarshen rayuwata, ba 221 zan ɗauka ba, 201 zan ɗauka. Ƙugiyarsa zagayawa take yi ba kaiwa da komowa ba, cikinsa giya ce ta ƙarfe, sautinsa kamar numfashi. Ba shi da ado sosai, shi ya sa masu saye don ajiya a falo sukan wuce shi su tafi wurin mai furanni. Ni ban taɓa jin haushin hakan ba, tunda shi ya sa nake samunsa da sauƙi.

Masu saye iri biyu ne, kuma na daɗe kafin in rarrabe su. Akwai mai neman abin kallo, shi zane yake dubawa, ko keken bai taɓa ɗinki ba bai damu ba. Akwai mai neman abin aiki, shi ko fenti ya koɗe ba ruwansa, ɗinkin yake kallo ciki da waje. Duk keken da zan sayar sai na ɗinka ƙyalle da shi, zaren sama kala daban na ƙasa kala daban don a ga daidaiton maɗauri, in bar ƙyallen a ƙarƙashin ƙafar. Abin da na canza kuma nakan faɗa: wannan bel sabo ne, wannan murfin na wani keken ne, nan an taɓa shafa fenti. A farko ina ganin hakan zai kori mutane. Wasu sun tafi, gaskiya ne, amma waɗanda suka tsaya su ne suke turo mini 'yan'uwansu har yau.

Wahalar ta fi yawa a ɓangaren masu kawo mini nasu. Mutum zai zo da keken kakarsa, an gaya masa dukiya ce, ya riga ya lissafa abin da zai yi da kuɗin. In duba in ga 99 ne irin wanda ake samu ko'ina. Faɗin gaskiya a nan ba daɗi, wani ma gani yake so nake in karya farashi in saye. Abin ya ƙara lalacewa da jita-jitar jan makyuri, wato wai akwai wani jan zaiba mai tsadar gaske ɓoye cikin tsofaffin Singer. A 2009 wannan magana ta tashi a Saudiyya, mutane suka yi ta rububin kekuna, ana kara waya kusa da allura wai idan sabis ya ɗauke to akwai shi a ciki. Maganar ba ta mutu ba, takan lafa ta sake tashi. Ni dai na kwance kekuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa, noti bayan noti, abin da na tarar a ciki ƙarfe ne da busasshen mai da ƙurar zare, wani lokaci da karyayyun allurai. An taɓa kawo mini wani 27 mai zanen mutum-mutumin Masar, zanen bai ko ƙwarzane ba, amma an fasa wuyansa da guduma ana neman abin da babu. Ranar na kasa cin abinci.

Baba ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce, Allah Ya gafarta masa. Gwangwanayen notunansa suna wurina. Akwai wani abu guda da ya yi ta tsokanata da shi har ƙarshe. Wata rana, tun ina sabon shiga, na ga wani ɗan ƙaramin keke wurin wani mai tsofaffin kaya, wuyansa a lanƙwashe kamar harafin G, ba ya kama da komai da na sani. Na juya shi ya juya sumul, shiru kamar ba ƙarfe ba. Na leƙa ƙasa ina neman wurin kwarkwaro ko ƙoshiya, babu, sai wata 'yar ƙugiya kawai. Na ce a raina an cire masa kayan ciki, na ajiye na yi gaba, ina yaba wa kaina da wayo. Da na ba Baba labari ya yi dariya har da tari. Willcox & Gibbs ne, ba a yi shi da kwarkwaro ba tun asali. Da zare ɗaya yake ɗinki, yana sarƙa shi ta ƙasa, irin ɗinkin bakin buhu wanda idan ka kamo bakin zaren daidai zai warware gaba ɗaya. James Gibbs, manomi daga Virginia ta Amurka, shi ya yi rajistar fasahar a 1857. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Da sassafe na koma, mai kayan ya ce wani ya ɗauka jiya bayan tafiyata kaɗan.

Na ga wasu irinsa bayan haka, ɗaya a tsage, ɗaya an shafe shi da fentin mota, ɗaya kuma mai shi ya san abin da yake riƙe da shi fiye da ƙarfin aljihuna. Irin wancan mai lafiya ban sake cin karo da shi ba. Keken mahaifiyata yana nan a kan teburin aikina da rabin zanensa, shi nake nuna wa duk wanda ya zo yana tambayar da me zai wanke nasa. Kusa da shi akwai wani Frister & Rossmann na Jamus mai juyin hannu da na samo a daskare, yau kwanansa goma sha tara yana shan mai. Jiya da dare na taɓa wilin, ya ɗan motsa kamar faɗin farce.